Sallahun Ladi

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Adiza mai koko ta Maamobi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Surukinki yana gaishe ki. Har yanzu idan ya zo wucewa ta ƙofar ɗakinki sai ya rage tsawo, alhali mutanen da ke ciki yanzu 'yan haya ne, ba su ma san dalili ba.

Na san da kina nan da kin tambaye ni abin da ya kai ni baje maganar gida a shafin da duniya ke karantawa. Ki yi haƙuri. Waɗanda suka bi tafiyarmu ta hotuna sun daɗe suna tambaya ko mun kai sallahun nan, ni kuwa ke kaɗai nake son ba amsa. Su sai su tsaya daga bakin ƙofa su saurara.

Kin san yadda muka koma bayan rasuwar jikarki Nafisa, 'yarmu tilo. Ta fara tafiya ke nan, tana bin tsakar gida tana kama zanen duk wadda ta gifta, zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar damina. Muka rage mu biyu a ɗakinmu na unguwar Nima a nan Gana, ɗakin da a da muke kukan ya yi mana kaɗan.

Ke kika tarbiyyantar da ni a kan cewa mace ba ta kama sunan mijinta. Tun ranar suna Baban Nafisa nake ce masa, kuma ban tanadi wani suna ba. Da ta tafi sai sunan ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi fita ya ƙi komawa. Sai na daina kiransa gaba ɗaya. In na ajiye abinci sai in ƙwanƙwasa murfin kwano. Shi kuma ya fita gareji da asuba, sai bayan isha ya dawo da warin baƙin mai, ya juya fuska bango. Da ma faɗa muke yi, da maƙwabta sun shiga tsakani, don kin san a gidan haya ko tari mutum ya yi sai an ba shi shawara. Shiru ne kawai, babu wanda ya san ta inda zai kama shi.

Ina tuna la'asar ɗin da ya zo wurinki. Kina tace ƙullu, hannunki fari har gwiwa. Ya durƙusa nesa, ya gaya miki mun yi shawara za mu rabu cikin mutunci, babu wanda ya cuci wani. Ina raɓe a bakin ƙofa ina jiran ki fara faɗa. Ba ki ko ɗaga kai ba sai da kika gama tatar. Kika wanke hannu, kika shiga ɗaki, kika fito da ƙunshi ɗaure cikin tsohon koren ɗankwalinki.

“Awudu, ban hana ku ba,” kika ce. “Amma ku kai ma ni wannan ga Ladi tukun. Hannu da hannu, ku biyu. Kada a buɗe, kada a sa cikin kaya.”

Ladi dai sunanta kawai na sani. Ƙawarki ce ta ƙuruciya, wadda kuka yi tallan goro tare a unguwar Lagos Town ta nan kusa da mu kafin a haife ni, ta auri direba ya tafi da ita Lome. Kin kuma san abin da kika yi. A zongo, unguwar baƙi irin tamu, ba a ƙin sallahu. Duk wanda ya ɗaura niyyar tafiya, sai an ɗora masa kwalbar miyar yajin shito ta 'yar wance ko hular ƙanen wane, ya kai ko da zai kauce hanya, kuma ba ya damƙa wa na uku. Balle a ce suruka ce ta bayar. Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu, ya amsa da “Yoo, Mma.”

Lome ai nan kusa ce. Kaya kala biyu na ɗauka, ina lissafin gobe war haka mun dawo kowa ya kama gabansa.

Gidan da kika kwatanta mana muka samu ba wuya. Mai gidan wata ƙatuwar mata ce mai haƙorin Makka, kowa Hajiya Mai Atamfa yake ce mata. Da muka ambaci Ladi sai ta zuba wa ƙunshin ido, ta daɗe, har ta share hawaye ta ɗora wa hayaƙin gawayi laifi. Ta ce ai Ladi ta daɗe da tashi, ta koma Faraku can arewacin ƙasar Binin. Ta riƙe mu kwanaki tana ɗura mana kifi. Ɗaki ɗaya ta ba mu, tabarma ɗaya, matashi ɗaya, tana ta ba da haƙuri wai wuri ya yi ƙaranci. Gidan nan kuwa bene ne, ina ganin ƙofofi a kulle jere.

Na kira ki na gaya miki. Ina jin ƙarar ludayi a tukunya, sannan kika ce, “To, ku ƙara gaba kaɗan.” Ban san wannan magana za ta zame mana abincin kowane wata ba.

Mma, da kin ga hanyar bakin teku daga Lome zuwa Kwatano. Itatuwan kwakwa sun sunkuya duk gefe guda, ruwa ta dama, wani ruwan ta hagu, mota tana tafiya a tsakani har mutum ya rasa ko a ƙasa yake. Masunta suna jan igiyar koma a jere, suna jingina baya suna waƙa. Ƙunshin yana kan cinyata, tunda kin hana a sa shi cikin kaya. Ba shi da nauyi, da ji ka san zane ne, na ɗauka ma atamfar biki ce kike mayar wa ƙawarki. Da gyangyaɗi ya fara kayar da ni sai na ji an zare shi a hankali. Surukinki ne ya ɗora a tasa cinyar. Daga ranar muka riƙa karɓeɓeniya.

A kan iyaka ma ƙunshin nan bai taɓa ba mu wuya ba. Duk jami'in da ya ce a kwance, sai surukinki ya marairaice ya ce sallahun surukarsa ne. Kowane jami'i kuwa yana da suruka. Sai su matsa shi da yatsu, su yi dariya, su ce mu wuce, wani har addu'a yake bin mu da ita.

A Faraku wata tsohuwa mai sayar da cukun wagashi muka sauka wurinta, Hajiya ce ta haɗa mu da ita. Ta ce ta san Ladi sarai, mu dai zauna ta bincika. Binciken nan har damina ta sauka ta ɗauke ba a gama shi ba. Guzuri ya ƙare, surukinki ya shiga tashar manyan motoci da sifanarsa, kin san shi, ko daga nesa ya ji kukan inji sai ya faɗi ciwonsa. Ni kuma na ari tukunya na dafa waakye, shinkafa da wake irin na Nima, da karan dafi da shito mai yaji. Direbobi suka yi mini layi. Da yamma mu dawo ɗakin da aka ba mu, shi ma tabarma ɗaya, mu zauna muna kallon jemagu suna tashi daga bishiyar mangwaro. Magana ta fara shiga tsakaninmu, amma ta aiki ce, wane direba ya ci bai gode ba, wace mota ta ƙi tashi. Har lokacin ban kira shi ba.

Daga ƙarshe tsohuwar ta ce ta samu labari Ladi tana Maraɗi. Kika ce mu ƙara gaba kaɗan.

A bakin kogin Kwara ne, kafin mu haye zuwa Gaya, abin ya faru. Ranar kasuwa ce, buhunan albasa sun yi tsibi sun fi mutum tsawo, amalanke da jakuna da mutane sun cakuɗe. Na tsaya taya wata mata ɗora kaya, ina juyowa babu surukinki. Waya tana aljihunsa, ƙunshi yana hannunsa. Na bi layin albasa, na bi layin gishiri, na dawo inda na tsaya. Duk shuɗiyar rigar da na hango sai in tarar ta wani ce. Tsoro ya kama ni irin wanda rabona da shi tun ranar da jikin yarinyar nan ya yi zafi a bayana. A nan na gane wannan rabuwar da muke ta shiri ba zan iya ta ba.

Ban san sanda na buɗe baki ba. Na ƙwala kira da duk ƙarfina, “Baban Nafisa!” Mata suka juyo suna kallona. Can ƙasa wajen jiragen kwale-kwale na ga mutum ya tsaya cak, ya juyo, ƙunshi rungume a ƙirjinsa. Bai taho ba, bai ɗaga hannu ba. Ni na gangara na same shi, fuskarsa sharkaf.

Muka zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale har rana ta karkata. Kogin yana tafiya a hankali, ja-ja, yana ɗauke da ganyaye daga ƙasashen da ba mu sani ba. A nan ya gaya mini duk Juma'a bayan an sauko yana zuwa kabarinta. Ni kuwa ina gida ina cewa ya manta. Kin san mu mata ba ma raka gawa, ban taɓa sanin inda aka kwantar da ita ba, ban kuma iya tambaya ba. Ya kwatanta mini wurin dalla-dalla. Ya ce akwai itacen dogon yaro kusa, inuwarsa tana kaiwa kanta da hantsi, ya ce ya jera duwatsu farare a gefe, ya ce wani tsuntsu mai jan ƙirji yana yawan sauka a reshen ƙasa. Na ce ya sake faɗi, ya sake. Mun yi kuka ranar har wani masunci ya kawo mana ruwa a gwangwani.

Bayan nan tafiyar ta zama wata iri, ko yanzu in na tuna sai in ga kamar barci nake. A Maraɗi sun sha dariyar Hausarmu. Surukinki ya ce wa matar da ta sauke mu “matana ya gaji”, ta riƙe ciki, ta kira maƙwabta su zo su ji mutanen Gana. Ta shayar da mu fura mai sanyi daga randa, ta ce Ladi ta bi 'yarta Kamaru. Muka ratsa Najeriya cikin motocin da ba sa tashi sai sun cika har baki, muka kwana a tashoshi, muka ci tuwon gidajen da ba mu san sunan masu su ba. Ko'ina muka sauka tambaya ɗaya ce, ina zongo, sai a nuna mana da baki. In ka shiga sai ka ji ƙamshin ƙosai da kiran salla, ka ga tela a bakin hanya da tsofaffi a kan benci, ka rantse Maamobi ce aka ɗauko aka ajiye.

A Gaundare ta Kamaru hazo ke sauka da safe a kan tuddai kore shar. Shanu masu dogayen ƙahoni suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin takunsu. Sanyi ya sa muka lulluɓa da bargo guda ba tare da kowa ya tilasta mana ba. Wata dattijuwa mai sayar da zuma ce ta riƙe mu, ita ce ta ce sawun Ladi ya ɓace mata, sai dai an ce ta koma wajen teku. Wata safiya surukinki ya lashi zuma ƙudan ya bi shi, ya zagaye gidan da gudu yana kare kai da hula, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ina cikin dariyar kika kira. Na ce, Baban Nafisa zo ka gaida Mma. Na ji kin ja numfashi.

Ranar ba ki ce mu ƙara gaba ba. Kika ce, “Ya isa. Ku dawo gida.” Muryarki ta sirance, kina tari, kika ce hayaƙin itace ne.

Damina biyu ta same mu a hanya. Muka shigo gari ta unguwar Kanda da rana tsaka, 'yan kamashon motocin haya na trotro suna ihun Nima, Maamobi, ƙamshin suya da warin kwata suka tare mu tare, na ji hawaye. Amma kunya ce ta fi yawa, don ƙunshin yana hannunmu yadda kika ba mu. Na same ki kin rame har awarwaronki yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ashe kin daɗe da sauke tukunyar koko, kin kuma hana maƙwabta su gaya mana.

Surukinki ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ko kallon ƙunshin ba ki yi ba. Mu kika kalla, shi da jakata rataye a kafaɗa, ni da hularsa a hannu ina yi masa fifita ban ma sani ba. Kika ce, “Ku ajiye shi wurinku. Mai shi zai zo.” Maganar rabuwa ba ki tayar ba, mu ma ba mu tayar ba. Kafin azumi ya kama kika tafi.

Ranar addu'ar arba'in an kafa rumfuna a lungu, mata sun cika benci. Wata mota ta tsaya a bakin titi, sai ga Hajiya Mai Atamfa tana saukowa da ƙyar, tana riƙe da hannun tsohuwar Faraku, matar Maraɗi tana bayansu da jarkar man shanu. Na miƙe ina mamakin wanda ya haɗa su. Kafin in isa, wata tsohuwar Lagos Town da ke gefena ta tashi tana tafa hannu tana kiran, “Ladi! Ladi, ke ce?” Hajiya Mai Atamfa ta amsa, suka rungume juna.

Mma, ashe ita ce Ladi. Ladi ta zaunar da ni, ta gaya mini ba ku taɓa rabuwa ba, duk Juma'a sai kun yi waya. Ta ce a yammacin da kika ba mu ƙunshin kika kira ta kika tsara mata komai, har da tabarma ɗaya. Sauran duk abokan fataucinta ne na da, kowace tana riƙe mu iya ƙarfinta sannan ta miƙa wa ta gaba. Ta ce ranar da muka tsaya a ƙofarta saura kaɗan ta tona, don tafiyata irin taki ce.

Na aika aka kira surukinki daga wajen maza. Muka ɗauko ƙunshin, muka kama shi mu biyu, muka sa a hannunta kamar yadda kika ce. Ta kwance ƙullin da haƙori don ya riga ya kafe. Zanen goyon Nafisa ne a ciki, mai ɗigon rawaya, da majanyinsa. Shi ne na birkice ɗaki ina nema bayan rasuwarta, kika ce an bayar sadaka.

Ladi ta ninke shi ta mayar mana. Ta ce, “Adiza cewa ta yi kowannenku yana goye da yarinyar nan shi kaɗai. Ta ce a bar ku a hanya har ku koyi karɓar wa juna.” Surukinki ya kifa fuska a cikin zanen a gaban mata, bai ji kunyar kowa ba.

Zan gaya miki gaskiya, na ji haushinki. Kina nan kina tari, maƙwabta na dama miki kunu, ni ina can ina kallon shanu cikin hazo. Wannan lokacin nawa ne da ke, kika ɗauka kika kashe a kan aurena ba ki yi shawara da ni ba. Na daɗe ina wannan fushin. Yanzu ya sauka, abin da ya rage kewa ce, da son da ban taɓa iya gaya miki ba. Ni 'yar fari ce, ba ki taɓa kama sunana ba, daga “ke” sai “'yar nan”, ko a cinyarki ban tuna kin ɗora ni a gaban mutane ba. Ina ƙarama na ɗauka ba ki damu da ni ba ne.

Juma'ar da ta wuce surukinki ya kai ni bakin katangar maƙabarta. Na tsaya daga waje, ya nuna mini kan dogon yaron yana kaɗawa. Ya ce ke ma inuwarsa tana isowa gare ki, sai dai ke da la'asar.

Sallahunki ya isa, Mma. Ni ma ga nawa, kin kuma san ba a ƙi. In Allah ya haɗa ki da Nafisa, ki goya mini ita, zanenta yana wurinmu, ki ara mata naki. Ki ce mata ina kiran babanta da sunanta safe da yamma, yana kuma amsawa.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, har da ƙaryar da kika shirya da ƙawayenki, ya rubuta miki ita a cikin ayyukan alheri. Allah ya yalwata kabarinki fiye da duk ƙasar da muka taka, ya sa iyakar da ke gabanki ki wuce ba a tsayar da ke ba. Ya ba Ladi da sauran iyayenmu na hanya tsawon rai da lafiya. Mu kuma in tamu tafiyar ta zo, ya sauke mu inda kuka sauka. Amin.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
'yar nan,
Rukaya Maman Nafisa,
Nima.